Mai Ɗaukar Hoton Cilakowa

Malam Meshak ya yi shekara talatin yana koyarwa a Legas. Da ya yi ritaya sai ya dawo ƙauyensu, kusa da Madakiya. Ba ya shan giya, ba ya zaman gulma. Abu ɗaya ya ɗauke masa hankali, wato ɗaukar hoton tsuntsaye da wata 'yar kyamara da ke shiga aljihun riga.

Tsuntsu ba ya tsayawa a gaisa. Mai son hotonsa sai ya laɓe, ya yi shiru, ya jira. Haka Meshak ya yi ran wata Asabar da safe, ya durƙusa cikin ciyawa a bayan coci yana fakon cilakowa.

Ƙauyen kuwa a tsorace yake, don an kai hari wani gari kusa da su. Kumai, shugaban matasan da ke gadi, ya hango mutum a laɓe. Bai san fuskar ba, kuma bai ga dalilin tambayar wani babba ba. Shi dai a ganinsa ya kama babban kifi.

Ya fizge kyamarar, ya ce, "Baba, wane ne ya aike ka?"

Meshak ya ce, "Ba wanda ya aiko ni, ɗana. Tsuntsu nake ɗauka. Duba ka gani."

Kumai ya duba. Ga kurciya, ga balbela, ga cilakowa. Amma idon da ya riga ya yanke hukunci ba tsuntsu yake nema ba. Ya ɗaga kyamarar ya nuna wa sauran matasan.

"Ku ga rufin coci namu a bayan tsuntsu. Ku ga hanyan rafi. Wannan infoma ne."

Meshak ya faɗi sunan mahaifinsa, ya yi musu yaren garin. Wani ya ce ai maciya amana sun fi kowa iya yare. Daga nan sanda ta fara sauka. Waɗanda suka zo daga baya ba su ma tambayi laifinsa ba, suka ɗauki duwatsu. Abin kunya, har da masu waƙa a kwayar coci.

Mama Lucia, wata tsohuwa da ke dawowa daga gona, ta kutsa cikinsu. Ta share jinin fuskarsa da bakin zanenta, sai ta gane shi.

"Kun san wane ne wannan? Yaron Katikis Andrawus ne. Babanshi ne ya gina cocin nan da kuna cewa kuna karewa."

Kowa ya fara yar da abin da ke hannunsa. Aka ɗora Meshak a mashin zuwa asibiti a Kafanchan, amma bai kai ba.

A garin, matasa ne ke haƙa kabarin ɗan gari. Kafin 'yan sanda su zo su kwashe su, dattawa suka miƙa wa Kumai da mutanensa diga da shebur. Suka haƙa a gidan Katikis, matar Meshak na zaune tana kallonsu.

Jama'a, tsoro ba hujja ba ne, zargi kuma ba shaida ba ne. In kun ga wanda ba ku gane ba, ku kai shi gaban dagaci ko hukuma. Tambaya ba ta kashe kowa, amma ran da aka ɗauka ba ya dawowa.