Ƴaƴan Aro na Sallau

"Kowa ya tambaye ku, ni ne babanku," in ji Sallau majemi, yana kora yara bakwai daga Birni zuwa kantin Nasara. Ɗaya ne kawai nasa, sauran na maƙwabta ne.

Mai shela ne ya jawo. Jiya ya ce duk wanda ya ajiye wa ɗansa dala biyu a asusun kantin, za a ba shi dunƙulen sukari kyauta.

Tun kafin ya fito, matarsa Lubabatu ta ce, "Maigida, ajiyar gidan waya ta fi ƙaruwa duk shekara. Sukari narkewa yake."

"Wa zai jira shekara? Yau in zuba, in kwashi sukari, gobe in karɓe kuɗina."

Malamin kanti ya rubuta kowane yaro da sunansa. Sallau ya juye kuɗin fatun da ya sayar kaf, ya dawo da dunƙule bakwai, yana taku kamar attajiri.

Washegari ya koma da fara'a. "Malam, na zo karɓar ajiyata."

"Taka? Ai ta yaran ce. Ko uba ba ya taɓawa, sai yaro ya girma ya zo da ƙafarsa ya karɓi abinsa."

Sallau ya jawo jiki zuwa gida, ya tarar da maƙwabta shida zaune a zaurensa. Dattijonsu ya miƙe, idonsa cike da ƙwalla.

"Malam Sallau, yara sun gaya mana komai. Allah ya saka! Af, matata Kulu ta haihu jiya. Yaushe za a kai jaririn?"