Ƙurar Ɗakin Inji

Da aka kira shi a kotun birnin Rotterdam, tsohon ya miƙe da ƙarfinsa. Rabin rayuwarsa a ɗakin injin jiragen ruwa ya yi ta, yana kankare asbestos daga jikin bututu, ba wanda ya taɓa gaya masa farar ƙurar nan guba ce.

Lauyan kamfanin jiragen ya ce, "Ma'aikacin jirgi doka take karewa. Kai kuwa likitoci sun ce huhunka garau."

"Garau yake, ranki ya daɗe," tsohon ya ce wa alƙaliya. "Amma duk dawowata, matata nake dire wa tufafin aikina. Ita ke kakkaɓe ƙurar, ita ke wankewa."

Ya waiwayi matar a kan keken marasa lafiya, robar iska a hancinta.

Alƙaliya ta yanke cewa kamfani ya ɗauki jinyarta kamar ta kowane ma'aikacinsa.

A bakin ƙofa matar ta share masa ido, ta ja numfashi da ƙyar.

"Haba tsoho, bar kukan nan. Shekaru ina roƙonka ka tafi da ni teku, ka ƙi. Ga shi yau kotu ta ce tare muka yi aikin."