Kananzirin Fitilarmu a Firjin Rigakafi

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ma'aikaci ɗaya tak ya rage a ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke wajen Ɗambatta, wato Malam Sani. Kananzirin firjin da ake ajiye allurar rigakafi ma an daina aikowa, ga ƙyanda ta shigo gari.

Wata rana da la'asar Inna ta juye kananzirin fitilarmu kaf a kwalba, ta ja hannuna muka tafi. Muka tarar da mata a layi, kowacce da 'yar kwalbarta.

Malam Sani ya durƙusa ya nuna mini wata 'yar wuta shuɗiya tana ci a ƙarƙashin firjin. Sannan ya buɗe shi ya sa tafina a ciki. Sanyi ya ratsa ni har gwiwar hannu.

Na ce, "Malam, wutar ce ke kawo sanyin?"

Ya ce, "Ita ce. In ta mutu, allurar ƙannenki ta lalace."

Mako guda muka yi muna cin tuwo kafin magariba, don babu fitila. Ƙanina ya samu allurarsa, ƙyandar ta tsallake gidanmu.

Har yau in na ji warin kananzir, tafin hannuna ne ke fara yin sanyi.