Wadda Ta Iza Wutar Wardi

Ku matan yanzu, hannunku ya fi kunnenku sauri. Sai ku shiga gidan mutane, ba a gama amsa muku sallama ba kun fara gyara musu murhu. Ke da kike murmushi, da ke nake. Gyara zama ki ji abin da ya sami wata mai irin halinki.

Wasu mata ne 'yan unguwa ɗaya suka je Umra, aka ce za a kai su Ɗa'ifa, garin inabi da furen wardi, su ga gidan da ake tatsar turare. Murna a wurinsu ba a magana. Tun motar ba ta tsaya ba ƙamshi ya tare su, kowacce na cewa ita ta fara ji. Gidan na wani dattijo ne, ya gaji sana'ar wurin ubansa, uban ya gada wurin kaka. Shi da 'ya'yansa ke tsinko furen da sanyin safiya, kafin rana ta shanye ƙamshinsa. Ga furen nan tsibi guda a tsakar gida kamar an zube auduga, sai dai shi ruwan hoda ne. Matan suka yi ta cusa hannu har gwiwa, suna watsa wa juna a ka, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta ce, "In duniya ma haka, ina ga Aljanna! Allah ka sa mu dace!" Ga tukwanen tagulla a jere, kowacce sai ta ci mutum a zaune. A zuba fure, a zuba ruwa, a kifa murfi, a liƙe bakin da tsumma da ƙullu. Tururin ya bi wani bututu da ya ratsa ta cikin ruwan sanyi, ya riƙa sauka ɗis, ɗis a kwalba, man turaren yana taruwa a sama kamar mai a kan nono. Dattijon ya gaya musu, ta bakin jagoransu, cewa furen nan 'yan makonni kawai yake yi a shekara, kuma al'adar gidan ce tukunyar ƙarshe ta baƙi ce. Su je su zaga gonar inabi, in ta sauka da la'asar kowacce za a ba ta 'yar kwalba ta kai gida tsaraba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a kalla da ido, kada a taɓa wuta.

To a cikinsu akwai wata matashiya, gwanar dambu, duk bikin unguwa ita ake kira. Da ta ga an liƙe bakin tukunya da tsumma, sai ta ce a ranta, ashe madambaci ne, me za a koya mini? Ta leƙa ƙasan tukunyar baƙin ta ga itace biyu rak suna ci a hankali, kamar murhun marowaciya. Ta ce da wannan wutar ai sai mota ta tashi turare bai nuna ba. Da masu gida suka yi gaba da baƙi, ta tsaya kamar mai gyara takalmi, ta cusa itace huɗu, ta fifita da gefen mayafi har wuta ta tashi, ta bi su da sauri tana jin ta yi wa kowa alheri. Ita ba ta san wardi ba tsaki ba ne, lallashi yake so. Ruwan ya ƙafe, furen ya kama gindin tukunya. Suna can ƙarƙashin rumfar inabi, baki cike, ana ta dariya, sai ƙauri ya iske su.

Da suka rugo gida, dattijon bai ɗaga murya ba. Ya dubi murhu, ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya kan mayafin da gefensa ya sha toka. Ya miƙa mata soso, ya ce wadda ta iza ita za ta kankare. Haka ta zura kai cikin tukunya tana gurzar baƙin fure har rana ta yi sanyi, 'yan uwanta na tsaye a kanta hannu wofi, don sauran tukwanen duk da masu su. A mota babu wadda ta yarda ta zauna kusa da ita. Mutane sun je garin ƙamshi, ita ta dawo da ƙauri a gashi da mayafi. Kafin su sauka gida suna ya bi ta, Hajiya Ƙauri, har yau da shi ake kiranta. Dambun biki ma aka daina ba ta, aka ce wadda ba ta jin "bari" ba a bar mata murhu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.