Reshen Garinmu

"Ai da hannunki kika janye takardarki," in ji jami'ar ɗaukar ma'aikata.

Na ƙara matse wayar a kunne. "Ranki ya daɗe, daga ofishinku da ke babban birni na janye. Reshenku na garinmu nake so yanzu. Mahaifina ɓarin jikinsa ya shanye, ba shi da kowa sai ni."

"Duk kamfani ɗaya ne. Wanda ya janye, sai baɗi."

Watanni na yi a gaban madubi ina koyon ba manyan kamfanoni shawara, ga shi tawa ta kashe ni. Na roƙe ta har muryata ta dishe. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta katse.

Na wanke fuska, na tura ƙofar ɗakin Baba. Katifa a naɗe, akwati a ɗaure, yana zaune a kekensa na marasa lafiya da sabuwar hula.

"Uwata," ya ce, yana murmushi da rabin baki, "na sallami mai gidan nan, har ya ba wani hayar. Ba zan tare miki hanya ba. Yaushe za mu tafi babban birnin?"