Mai Gudu da Jakar Yashi

Kai da kake cewa ƙarfi ƙarfi ne, ko'ina aka kai shi zai yi aiki, gyara zama ka ji wannan misali.

An yi wani saurayi ɗan gidan maƙera, ba shi da buri a duniya sai ya sa kakin soja, kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, don shekarunsa sun kai iyakar da ake ɗauka. Gudu kuwa, tubarkalla! Da asuba zai zagaye gari ya dawo, ko haki babu. Da yamma ya koma bayan gida, inda ya cika gwangwanaye biyu da siminti ya soka musu ƙarfe, ya yi ta ɗagawa har damatsa suka murɗe. Da aka ce masa gwajin ƙarshe doguwar tafiya ce da jakar yashi a baya, gara ya fara sabawa, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai shi da ke ɗaga abin da ya ninka jakar, shi za a koya wa tafiya kamar yaron goye? Babban takalmin da ya saya ma adana shi ya yi a ƙasan akwati kamar kayan Sallah, wai kada ya tsufa kafin ranar. Ka ji wauta!

Ranar gwaji aka goya musu jaka, aka busa usur, gogan naka ya bar kowa a baya. Gudun da ɗaga ƙarfen ba su ci amanarsa ba, numfashi lafiya lau, cinyoyi garau. Amma hantsi na dubawa igiyar jaka ta fara yankar kafaɗa, ƙugu ya riƙe, dunduniya ta ɗau zafi kamar ya taka garwashi. Ya cije ya ƙara gaba, har abin ya gagara. Ya zauna bakin hanya ya zare takalmi, sai ga safa jina-jina. Ya ja safar, fatar dunduniya ta biyo ta. Innalillahi! Ya saki baki yana kallon ƙafarsa kamar ta wani. Ya yi ya yi ya mayar da ita cikin takalmin, ina, ta riga ta kumbura. Waɗanda ba su taɓa kamo ƙurarsa a gudu ba suka riƙa wuce shi da ɗan gajeren takunsu, ko waiwaye babu. Can motar kwasar waɗanda suka gaza ta tsaya a kansa, wani kofur ya miƙo hannu ya ce ya ba da lambar ƙirjinsa.

“Yallaɓai, wallahi ban gaji ba!” in ji shi, hawaye na zuba.

Kofur ya dubi ƙafar, ya ce, “Na gani. Hau mota.”

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.