Bokitin Inna Kuluwa

Tun da aka fara manna mana filastar hana gajiya a bayan kunne, kamfaninmu ya kwashe kujerunsa duka. Awa goma sha huɗu muke yi a tsaye, jiki garau.

Ranar Talata manaja ya aike ni wurin Inna Kuluwa mai ɗinke buhuna. Saƙon gajere ne: ta manna tata kafin la'asar, ko ta ajiye katin aiki.

Na same ta zaune kan kifaffen bokiti tana matsa ƙafa. Buhunan da aka ba ta duk ta ɗinke.

"Sallau, ina gajiya?"

Na daɗe ban ji wannan gaisuwar ba. Na amsa, na isar da saƙo.

"Ka ce masa a bar mini gajiyata, ita ke gaya mini lokacin tsayawa. Kai kuma, cire takalminka."

"Inna, ana jirana."

"Cire, ja'iri."

Na cire. Safar ta manne a tafin ƙafata, jini ya bushe, sabo ya hau kansa. Ko zogi ba na ji.

Ta zare katinta daga wuya ta miƙo mini. Sannan ta matsa, ta bar mini rabin bokitin.

Ana kiran la'asar na ɓamɓare tawa filastar. Ciwon ya zo gaba ɗaya, har ƙashi. Na zauna.

"Yawwa," in ji ta. "Sannu da aiki."